Kada a Rina Mayafin Rabi

Zuwa ga Mai Unguwarmu, ranka ya daɗe, da Sarkin Marinarmu, da sauran dattawan da ke zama a zauren Mai Unguwa bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ban girma, ina tambayar lafiyarku da ta iyalanku, da yadda kuka ji da zafin bana. In kun tambayi tawa, alhamdu lillahi, sai dai ƙafa.

Ni ne Isyaku marini, ɗan marigayi Malam Bawa na gidan bakin rijiya. Yaran da suka taso bayan tafiyata ba su san ni ba, amma ku kun san ni, wasunku tare muka sha bulalar malam guda. Shekara tara ke nan da na bar Kano. Atamfa ta fara cinye kasuwar baƙin zane, na biyo fataken goro har Kumasi, na zauna a zango ina rini a cikin duro, ni da na gaji karofi uku. Bara motar da na shiga ta faɗi a hanyar Tamale, ƙafata ta hagu ta karye wuri biyu, ɗorin kuma bai yi kyau ba. Daga ɗakina zuwa masallaci sai na huta sau biyu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce, in abin ya dame shi me ya hana shi zuwa? Da ƙafa ta yarda, da ba takarda za ku gani ba, da ni za ku gani a bakin zaure.

Takardar nan biyu na rubuta. Ɗaya taku, ɗaya na aika wa masu buga jarida. Ku gafarce ni, na san inda takarda ke kwana a zaure: ƙarƙashin buzu, har gara ta karanta ta. Amma ban ambaci sunan unguwa ba, ban kuma ambaci sunan mutumin ba, don yana da 'ya'ya, su ba su yi mini kome ba. Masu karatu kuma kada su ɗauka babbar marinar Ƙofar Mata nake nufi. Tamu ce, 'yar ƙarama, ta bayan masallaci.

Na ɗaya, abin da ya faru.

Rabi 'yata ce, ita ce ta fari. Kun san al'ada, tun da aka haife ta bakina bai taɓa kama sunanta ba, “yarinyar nan” nake cewa. Yau na rubuta shi, zan kuma maimaita, don kunya ta riga ta ci mana abin da ya fi suna. Shekarunta ashirin da biyu. Sanƙarau ya ɗauke mijinta, ta dawo gidanmu wurin mahaifiyata, Inna. Babu marinin da bai san hannun Inna ba, fiye da shekara arba'in tana yi muku ƙulli, tana ɗaure zane da zare don rini ya fitar da ado. Yanzu idonta ya yi rauni. Rabi ce ke ƙullawa, ita ke kai kaya marina, ita ke karɓowa. Da wannan suke ci su biyu. Abin da ni ke aikawa bai isa a kira shi cefane ba.

Ranar Talata, a farkon watan Rajab, da hantsi, ta kawo ƙulli marina. Tana sanye da farin mayafi, ranar ta fara yafa shi bayan fita takaba. Ta sunkuya ta ajiye kaya. Tana miƙewa, wani marini ya zaro hannunsa daga cikin karofi, shuni na ɗiga, ya ce, “Bazawara, an fita takaba ba a zo an gaishe mu ba?” Ya ɗora hannun a ƙirjinta. Aka tuntsire da dariya. Masu bugun tufa da ke rumfar gefe har suka dakata don su gani.

Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta juya ta bi lungu da rana tsaka, da shatin hannun a jiƙe a ƙirjinta, ba ta tsaya ko'ina ba sai zaurenka, ranka ya daɗe.

Ba sai an nemi shaida ba. Hannun da ya fito a kan mayafin yatsunsa huɗu da rabi ne. Marini guda ne a unguwarmu mai guntun ɗan yatsa, kuma ina tsaye sa'ad da lauje ya gutsure shi muna yankan baba, ganyen rini, muna 'yan shekara goma sha biyu. Tare aka yi mana kaciya. Ranar sunan Rabi shi ya riƙe ƙafar rago. Tun tana rarrafe Baba take ce masa.

Na biyu, hukuncin da kuka yanke.

Muna da al'ada a marina, kuma al'ada ce mai kyau. In marini ya yi kuskure ya ɓata farin tufar mutum da shuni, sai ya karɓa ya rine ta duka, kyauta. Tabo ya ɓace, mai kaya ya sami baƙi, ba a kwana da gaba. Ni ma na sha yi, an sha yi mini. Amma don tufa aka yi wannan al'ada, kuma don kuskure.

Ita kuka ɗauko kuka ɗora a kan maganar Rabi. An ce Sarkin Marina ya fara da cewa, “In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya kai bazawara marina da farin mayafi?” Ina tambayar Sarki da ladabi: in ba ta kai kayan ba, wa zai kai? Tsohuwar da ba ta gani? Ko ni daga Kumasi? Kai kuma, ranka ya daɗe, ka ce da ita, “Yi haƙuri 'yata, kawo a rina miki, har bugu za a yi miki, kin sami na Sallah.” Sai ta durƙusa ta ce, “Ranka ya daɗe, ba mayafi na kawo ƙara ba.”

Can wani ya ce, “To, ka ji boko.” Da ta ƙi miƙa mayafin har kwana uku, marina suka zauna suka yanke cewa in ba ta kawo shi an rina kafin a ga watan azumi ba, babu marinin da zai sake karɓar ƙullin gidanmu. Shi kuwa mai hannun yana nan a bakin karofinsa, ko yini guda bai rasa ba.

Ba zan ci amanar gaskiya ba. Ranka ya daɗe, ka saurare ta, ba ka sa an kore ta daga zaure ba, alhali wani da kora zai yi. An ce ka kira mutumin ka yi masa faɗa a keɓe. Kai ka tsaya a kan jana'izar mahaifiyarta sa'ad da ba na nan, ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Na san sutura kake nema, ba cuta ba. Abin da nake tambaya shi ne, suturar wa? Yarinyar duk unguwa ta riga ta gan ta. Abin da ya rage a rufe shi ne yatsun nan huɗu da rabi.

Na uku, adakar Inna.

Wannan ban san shi ba sai da takardar Rabi ta zo. Da hannunta ta rubuta, da fensir, shafi uku, layin na hawa yana gangara. Ta koya a ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a cikin gida. A da in saƙon gida zai zo mini, wurin mai rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ake zuwa, shi kuwa duk abin da mace ta faɗa sai ya gyara shi ya koma “muna lafiya lau, sai kewarka.” Shekara tara ina karanta lafiya lau.

Ta ce da ta koma gida Inna ba ta rarrashe ta ba. Cewa ta yi, “Ke kika fara? Jawo mini adakar can.” Rabi ta jawo, Inna ta lalubo baƙaƙen mayafai uku ta zube mata a cinya. Ta ce, “Duk farare na saye su. Na farko ina budurwa, na biyu ina da cikin ubanki, na uku har na fara furfura. Kowanne an rina mini, na durƙusa na ce na gode. Kin ga na mutu? Kai musu, ki bar mu mu ci tuwo.”

Dattawa, na san mayafan nan. A cikin biyu daga cikinsu aka goya ni. Duk rayuwata ina tsammani matar marini ce, shi ya sa take son baƙi. Shekara hamsin da ɗoriya ina ɗanta, ban taɓa tambaya ba.

Sai kuma na tuna da mahaifiyar Rabi, Allah ya jiƙanta. Daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Kurmi, in aka bi ta marina, kafin tuwo ya huce an isa. Ita kuwa kafin ta shiga kulle, da duk sa'ad da aka ba ta izinin fita unguwa, ba ta bi ta nan. Sai ta zaga ta bayan gari, ta ɓullo ta Jakara. Na sha yi mata tsiya ina cewa tana ƙyamar warin da ke ciyar da ita. Takan yi murmushi ta ce, “Malam, hanyar can ta fi inuwa.” Babu bishiya ko ɗaya a hanyar can. Na sani tun lokacin, na bar zancen a inuwa.

To, ga mata uku a gida guda. Ta farko ta miƙa mayafi ta yi godiya. Ta biyu ta bar mana hanyar gaba ɗaya. Ta uku ta tsaya. Ban ga laifin Inna ba, a zamaninta in ta tsaya ba ta da wanda zai tsaya mata, ko mijinta. Ba kuwa don taurin zuciya take matsa wa jikarta ba, yunwa take hangowa, ta kuwa san kamanninta. Rabi ta ce kullum da safe sai Inna ta laluba ƙarƙashin tabarma tana neman inda aka ɓoye mayafin. Jika da kaka, da suke wasa da juna kamar ƙawaye, yau ba sa cin abinci a kwano ɗaya. Wannan ma hukuncinku ne ya haifar.

Na huɗu, ni kaina.

Da na ɓoye wannan, da wani a cikinku ya tona, kuma da ya yi daidai. Ina ɗan shekara ashirin wata mai nono takan bi ta marina daga ƙauye. Ban san sunanta ba har yau. Wata rana samari suka zuga ni, na tsoma hannu a karofi na kama kafaɗarta. Aka yi shewa. Mahaifina, mutumin da jam'i ba ya wuce shi, ya zo ya duba, bai mare ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Ka ɓata, sai ka rina.” Na rina mayafin nata, na kai bugu, na miƙa mata a gaban mutane. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode. Na yi kwanaki ina jin kaina namiji. Ba ta sake bi ta marina ba, ni kuwa abin da na ce shi ne mun yi asarar nono mai kyau.

Shekara talatin da wani abu ban tuna da ita ba. Tun ranar da takardar Rabi ta zo kuwa, in na kabbara salla fuskarta nake gani sa'ad da take karɓa. Saboda haka ba daga kan tudu nake yi muku magana ba. A karofi ɗaya aka tsoma mu duka. Shi mai guntun yatsa ma ba daga sama ya faɗo ba, abin da ya ga mun yi aka yi mana dariya shi ya ci gaba da yi har furfura. Sai da ya iso ƙirjin 'yata na san sunan abin. Wannan abin kunya ne a gare ni, na kuwa ɗauka.

Na biyar, zancen cewa zamani ya lalace.

Ina jin haka nan zango ma. Da na ba wani dattijo labarin, cewa ya yi, “'Yan matan yanzu idonsu a tsaye yake, a da ai wasa ne.” Na ce wasan wa? Wasa ai mutum biyu ke dariya. A dukan shekarun da na yi a bakin karofi ban taɓa ganin macen ta yi dariya ba, sai dai ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Mu ne muka kira saurin nan kunya, muka yaba.

Boko kuma bai koya wa Rabi cewa jikinta ba na kowa ba ne. Akwai malamai a cikinku, ku faɗa mini in na yi kuskure: tun kafin Nasara ya taka ƙasar nan, taɓa matar da ba taka ba haramun ne. A allo muka karanta, a zaure muka manta. Abin da boko ya ba ta fensir ne kawai, ta isar da maganarta ba tare da ta bi ta bakin namiji ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne. Amma wannan abu mun hango shi mun kau da kai, ita kuwa tana tsaye a ƙasa ta ƙi kau da nata.

Ta rubuta mini cewa tun ranar, mata biyu sun aiko mata a ɓoye, ɗaya da goro, ɗaya da saƙon “kada ki bayar.” A fili kuwa babu wadda ta shigo gidan. Ban zarge su ba, su ma ƙulli suke yi.

A ƙarshen takardarta ta tambaye ni, “Baba, in riƙe ko in bayar? Abin da ka ce shi zan yi.” Kwana huɗu ina juya tambayar nan. In na ce riƙe, da wane baki? Ni da ba na ciyar da su, zan umarce su da yunwa daga nesa, a cikin azumi? In na ce bayar, na zama mahaifina, na ce da ita ta durƙusa ta gode wa hannun. Na rubuta mata cewa duk wanda ta zaɓa ba ta yi laifi ba, kuma ina alfahari da ita. Na san wannan ba amsa ba ce. Ita ce kaɗai nake da ita.

Saboda haka ga roƙona, don Allah, don Annabi.

Da farko, ku janye maganar hana karɓar ƙullin gidanmu. Ko da Rabi ta yi taurin kai a ganinku, Inna me ta yi? Ta ba marinar nan idonta, ta kuma ba ta mayafai uku.

Sannan a kira mutumin a zauren da aka kira ta, a gaban waɗanda suka yi dariya, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi laifi, ba kuskure ba. Ba na neman a kai shi gaban alƙali, ba na neman a ɗauke masa karofi. Ita ma ba ta nemi haka ba. Kalma guda ta nema. In ya faɗa, mayafin nata ne, in ta ga dama ta rina, in ta ga dama ta ƙona.

Na ƙarshe, Sarkin Marina ya tara yara da manya ya raba musu abu biyun nan: tabon kuskure rini ke wanke shi, hannun da aka miƙa da gangan ba aikin karofi ba ne.

Na san abin da roƙona ya isa. Ba ni da sarauta, ba ni da dukiya, ba ni ma da ƙafa. Takardarta ta yi kwana ashirin a hanya, yau sha biyu ga Sha'aban. In tawa ta yi irin wannan tafiya, za ta iske ku kuna shan ruwa. Mai yiwuwa Inna ta riga ta lalubo mayafin. Mai yiwuwa Rabi ta dubi tukunya ta kai da kanta. Mai yiwuwa sa'ad da ake karanta muku wannan yana shanye a kan igiya, baƙi wuluk, kowa na cewa magana ta wuce.

In haka ne, bari in tuna muku abin da kowane marini ya sani, muke kuma yi kamar ba mu sani ba. Wurin da shuni ya fara kamawa ya fi sauran duhu, ko sau goma aka tsoma. Yana sabo ba a gani. Bari ya sha wanki ya fara koɗewa, sai tabon farko ya dawo. Rabi ta ce ta fita da mayafan Inna tsakar gida ta ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun hannuwan suna nan, ana ƙirga yatsu. Masu su sun daɗe a kushewa.

Nawa ma yana can, a adakar wata tsohuwa, a ƙauyen da ban san sunansa ba. Ba ni da hanyar zuwa in roƙe ta gafara. Abokina mai guntun yatsa shi yana da hanya, lungu biyu ne tsakaninsa da ƙofar gidanmu. Ku taimake shi ya taka.

Allah ya ja kwananka, ranka ya daɗe, ya ba ka ikon riƙe unguwa da adalci. Allah ya sa albarka a karofin marina, ya kai mu azumi lafiya, ya karɓi ibadarmu. Allah ya tsare 'ya'yanku mata da jikokinku daga abin da ya sami tawa, ya yafe mana abin da muka yi muna dariya. Wanda zai wuce ta gidan bakin rijiya ya gaishe mini da Inna, ya ce ɗanta ya sani yanzu.

Wassalam.

Naku,
Isyaku marini,
Zangon Kumasi.